Masaukinmu a Alƙahira

Da maganar tafiya Masar ta tabbata, gidanmu ya cika da masu ba da shawara. A Katsina ba a rasa wanda ya taɓa zuwa Alƙahira. Wani ya kai mahaifiyarsa aikin gwiwa, wani ya yi karatu a Azhar, wani kuma dogayen riguna na mata yake sarowa. Duk wanda ya shigo gaida Baba, in zai fita sai ya ja ni gefe ya faɗa mini inda ya sauka. Wani ɗan kasuwa daga Ƙofar Ƙaura ya yi ta yabon wani babban otal da ke bakin Nilu, ya ce daga kan gadonka kana kallon kwale-kwale suna wucewa. Abokin Yaya ya ce kada mu kuskura mu shiga otal, mu kama gida a Madinat Nasar inda ɗalibanmu suke. Kawu ne ya yi magana daga ƙarshe, shi da ya yi jinyar matarsa a can. Ya ce, "Ɗana, mai jinya ba kyan ɗaki yake nema ba. Ka sauka inda in ka buga ƙofar maƙwabci da tsakar dare zai buɗe maka." Ya rubuta mini sunan wani ƙaramin otal a bayan takardar magani, na sa a aljihu.

Baba malamin zaure ne, tun kafin a haife ni yake ba da karatu a cikin birni. Abin ya fara masa ne da karkacewar layi. In ya buɗe littafi sai ya ga sahun rubutu ya lanƙwashe, daga baya baƙin da ya zuba wa ido ya ɓace, na gefe kuma suna nan. Likitan da ya duba shi a Kano ya ce ɗan rami ne ya buɗe a tsakiyar tantanin da ke can bayan ido, daidai wurin da mutum ke karatu da shi, kuma ɗigon magani ba ya rufe shi, sai aiki. 'Yan'uwa suka zauna, aka haɗa abin da aka haɗa, aka sayar da fili ɗaya. A watan Fabrairun 2024 ne, lokacin da dalar Amurka ta haura naira 1,500, kullum ka kwana ka tashi kuɗin hannunka ya ragu. Muka bi ta Charanci da Kankiya da Bichi zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. A jakar Baba babu abin da ya fi yawa irin garin kunu, tsamiya, kuka, daddawa da ƙullin yaji da Inna ta ɗaure da hannunta.

Da dare muka isa. Mai tasi ya ajiye mu a tsakiyar gari, tsakanin dandalin Tahrir da titin Tala'at Harb, a gaban wani tsohon bene mai ƙofar ƙarfe. Na ɗaga kai ina neman allon otal, sai can sama na hango shi, ƙarami, a tsakanin allon likitan haƙori da na wani lauya. A wannan unguwa haka otal-otal da yawa suke, hawa ɗaya ko biyu ne kawai a cikin ginin da wasu ke zaune, wasu ke sana'a. Unguwar kanta Khidiwi Isma'il ne ya tsara ta, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, yana son ta yi kama da birnin Faris. Shi ya sa rufin ɗakunan ke da tsawo, tagogin dogaye, matakalar ta farin dutse ce da ƙafafun mutane suka cinye tsakiyarta.

Mutumin farko da ya tarbe mu mai gadin ƙofa ne, wanda suke kira bawwab. Dattijo ne daga kudancin Masar, wajen Aswan, baƙi siriri, da jallabiya mai faɗin hannu da rawani. Bai tambaye mu takarda ba, ya dubi Baba ya ga yadda yake laluben matakala da ƙafa, sai ya kama hannunsa ya ce, "Ya Hajj, a hankali." Ya kai mu bakin lif. Lif ɗin keji ne na ƙarfe da akwatin katako a ciki, mutum uku ke shiga. Sai ka ja ƙofar waje ta rufe, ka haɗa ƙyauren ciki biyu, sannan ya motsa, kana gani hawa-hawa suna wucewa ta gabanka. In wani ya fita a sama ya bar ƙofa a buɗe, lif ba zai sauko ba, sai bawwab ya ɗaga kai ya ƙwala kira har a rufe. A shekarar ana rabon wuta a Masar, in aka ɗauke sai a bi matakala. Sau da yawa shi wannan dattijo ne ke ɗauko kujerarsa ya bi mu da ita, a kowane hawa ya ajiye Baba ya huta.

Ɗakinmu a hawa na biyar yake. Gado biyu na ƙarfe, kabad ɗin katako mai madubi, barguna masu nauyi, da ƙofar gilashi da ke fita wata 'yar baranda. Tsaf yake, amma komai nasa ya tsufa. Sanyin Alƙahira a wannan wata yana shiga ƙashi, ya bambanta da hunturunmu mai ƙura da bushewar leɓe, shi da danshi yake zuwa. Abin da ya fi damuna a daren farko shi ne ƙara. Birni ne mai mutum sama da miliyan 20 in aka haɗa da kewayensa, kuma direbobinsa da oda suke magana. Ƙarfe biyun dare kana jin masu shaguna suna ciniki, yara suna wasa a titi. Garin bai yi shiru ba sai gab da asuba, sannan kiran salla ya tashi daga ko'ina a lokaci guda. Baba ya tashi zaune ya ce, "To, nan ma garin Musulmi ne." Daga ranar bai sake maganar ƙara ba.

Da safe na gane abin da Kawu yake nufi. Kusan duk mazauna hawan nan masu jinya ne da 'yan rakiyarsu. Akwai wani Bayamane da ya kawo ɗansa aikin ƙashin baya, akwai wata Hajiya 'yar Kano da 'yarta, akwai wani mutumin Damagaram mai ciwon ƙoda, sauran kuma 'yan Sudan ne. A ƙarshen dogon lungun da ɗakunan ke kallo akwai wani fili mai kujeru shida da teburin shayi. Nan ne zauren gidan. Duk wanda ya dawo daga asibiti nan zai fara tsayawa, a tambaye shi me likita ya ce, a duba takardar maganinsa, wani ya ce kantin magani na kusurwa ya fi araha, wani ya ce kada ka yarda a yi maka hoto sau biyu. A nan na koyi cewa manyan likitocin Alƙahira da yamma suke buɗe ɗakunan ganin marasa lafiya na kansu, bayan sun tashi daga asibiti, kuma ba abin mamaki ba ne a ba ka lokacin ganin likita ƙarfe goma sha ɗayan dare.

A nan kuma aka raba ni da wani dillali. Tun a filin jirgi ya manne mana, Hausarsa garau, ya ce shi tafinta ne kuma ya san kowane likita. Kuɗin da ya faɗa mini na aikin ido na kawo zauren na ambata, sai Hajiyar Kano ta ajiye kofinta ta ce, "Ɗan nan, je ka da kanka ka tambayi mai karɓar kuɗi, ka ce a rubuta maka." Na je. Abin da aka rubuta bai kai abin da ya ce ba, tazarar kuma ba ƙarama ba ce. Har yau abin yana ci mini rai, domin mutumin ya san fili aka sayar, ni na gaya masa da bakina. Wanda zai ci riba a kan makanta ta tsoho, ban san me zai bari ba. Amma ba zan yi wa sauran kuɗin goro ba. Yaron da ya maye gurbinsa ɗalibin Azhar ne ɗan Funtuwa, yana zuwa daga masaukin ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, ya raka mu, ya fassara, in na miƙa masa wani abu sai mun yi ta ja kafin ya karɓi kuɗin mota.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya biyo baya shi ne jinyar. Likita ya cire ruwan da ke cikin idon ya cika shi da wata iska wadda za ta danne ramin har ya haɗe. Iska sama take tasowa, ramin kuma a bayan ido yake, don haka dole mai ciwon ya kifa fuskarsa ƙasa dare da rana na tsawon kwanaki, sai ɗan hutun mintuna a kowace awa. Sannan ya ja mini kunne a kan abu guda: muddin iskar nan tana cikin ido, Baba ba zai hau jirgin sama ba, domin in jirgi ya yi sama iskar kumbura take, tana iya kashe idon gaba ɗaya. Irin wadda aka sa masa kuwa takan yi wata biyu kafin ta gama bajewa. Aka ɗaura masa wani zobe na roba a hannu mai ɗauke da gargaɗin. Ashe zaman da muka zo yi na ɗan lokaci zai kai mu har cikin azumi.

Mutumin da ya shekara hamsin yana zaune a buzu, ɗalibai na kewaye da shi, yau an ce ya kifa kai ya yi ta kallon ƙasa. Daren farko ya sha wuya. Wuyansa ya riƙe, ƙugunsa ya riƙe, numfashi a cikin matashi ya gagara. Da asuba na sauka na yi wa bawwab bayani da hannu da ɗan Larabcin da nake da shi. Bai ce komai ba ya fita. Kafin hantsi sai ga shi da guntun soso mai kauri wanda ya sa wani mai gyaran kujeru ya huda tsakiyarsa daidai faɗin fuska, da wani gajeren tebur da ya aro a shagon tela na hawa na biyu. Muka ɗora soson a bakin teburin, Baba ya zauna a kujera ya kwantar da goshinsa, hanci da baki suna sarari. Matar da ke dafa karin kumallo ta leƙo ta gani, ta koma ta ɗauko madubin hannunta ta jingina shi a ƙasa da kofin shayi, ta yi ta gyara shi har Baba ya ce yana ganin ƙofa da lafiyayyen idonsa. Daga nan duk wanda ya shigo, a madubin nan suke gaisawa. Salla kuwa a zaune yake yi, da nuni.

Ita wannan mata, dokar otal ta hana girki a ɗaki, amma ta ba ni rishonta bayan ta gama da baƙi. Karin kumallonsu kullum ɗaya ne: dafaffen wake da mai da lemon tsami wanda suke kira ful, ƙosansu mai kore a ciki da suke kira ɗa'amiyya, gurasa, cuku da shayi. Ni na saba da shi har na so shi. Baba kuwa cikinsa bai karɓa ba, sai kunun tsamiya. Ta tsaya ta ga yadda nake damawa sau biyu, a rana ta uku na fito na tarar ta dama, ta zuba a kofi ta sa masa tsinken roba don ya sha ba tare da ya ɗaga kai ba. Ba ta taɓa sa wannan a lissafi ba.

Ranar da Baba ya cika kwana biyu a kife aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani tsoho ne dogo daga ɗakin da ke kallon namu, cikin farar jallabiya, yana dogara sanda. Na ɗauka Larabci zai yi. Sai na ji ya ce, "Salamu alaikum, Malam. An ce mini mutanen Katsina ne a nan. Ina gajiya?" Baba ya ɗan motsa, ya dube shi a madubi ya ce, "Kai kuma daga ina?" Ya ce daga Wad Madani, ƙasar Sudan.

Muka riƙa kiransa Baban Madani. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ubansa ma haka. Kakansa ne ya fito daga ƙasar Daura da ƙafa da niyyar Hajji, a zamanin da Turawa suka ci ƙasar, lokacin da jama'a suka yi ta yin gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗan Attahirun, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kuma har yau Hausa da Fulatanci ake yi a can. Kakan Baban Madani ya sauke farali, a hanyar dawowa guzuri ya ƙare, ya tsaya noman auduga a Jazira, ya yi aure, zama ya miƙe. Hausar tsohon nan tsohuwa ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye, ga kuma Larabci da ke faɗowa a tsakiya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 bai taɓa garinsu da farko ba, har mutanen Khartum suka gudo wurinsu. A watan Disamba Madani ta faɗi. Ya bar gidansa da shagonsa na hatsi, ya biyo ta Wadi Halfa da Aswan da matarsa da jikoki uku, ga ciwon sukari ya taɓa masa ƙafa. Ɗansa da ke aiki a Saudiyya ne ke biyan kuɗin ɗakin.

Kullum bayan la'asar sai ya shigo da kujerarsa. Ya lura Baba yana wahalar kallon madubi, sai ya daina zama a kujerar, ya riƙa shimfiɗa darduma a ƙasa dab da teburin, ya jingina da gado ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, yadda fuskarsa za ta zo daidai inda Baba ke kallo. Haka za su yi ta hira har magariba. Ni ina gefe ina ɗiga magani a kan lokaci ina saurare. Tambayoyinsa ba sa ƙarewa. Har yanzu ana hawan salla? Da gaske rijiyar Kusugu tana nan, kuma da ruwa a cikinta? Ana dafa fura da gero ko an koma shinkafa? Wata rana matarsa ta aiko mana da kwano a rufe. Na buɗe sai ga tuwon dawa mai laushi da miyar busasshiyar kuɓewa, su suna ce masa asida da waika. Na barbaɗa yajin Inna. Ranar ce Baba ya fara cin abinci har ya nemi ƙari.

A cikin wannan hira ne Baba ya ba shi labarin Katsinawan da suka riga mu zama baƙi a garin. Ya ce akwai Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da hatimi, wanda bayan ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa. Wani babban malamin Azhar, Hasan al-Jabarti, shi ya sauke shi a gidansa, kuma a gidan ya rasu a 1741. Ya ce kafin shi ma akwai zumunci, domin Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga wannan gari ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha a kan adalci. Baban Madani ya yi shiru, sannan ya ce, "Wancan malami ya sami mai masauki. Allah ya ba mu irinsa." Baba ya ce amin. Na san ba tarihi kaɗai yake ji ba, mutum ne da bai san ranar komawarsa gida ba.

Maganar kuɗi ba ta bar ni na yi barci ba a makonnin nan. Guzurin da muka yi na ɗan zama ne. Na sami mai otal ɗin, wani mutum mai ƙiba da ba ya yawan magana, na gaya masa halin da ake ciki. Ya buɗe littafinsa ya mayar da mu lissafin wata maimakon na kwana, ya ce in biya duk lokacin da aike ya iso. Ranar 6 ga Maris gwamnatin Masar ta saki kuɗinta, fam ya faɗi daga wajen 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50 a yini guda. Zauren ya rikice da lissafi. Mu masu 'yan daloli a hannu abin ya zo mana da sauƙi a banki, ma'aikatan otal kuwa da ake biya da fam sai fuskokinsu suka canza. Farashin abubuwa ya motsa, amma mutumin nan bai ƙara wa ko ɗaya daga cikin masu jinya kuɗin ɗaki ba har muka tafi. Na ga ya kamata a faɗa.

Da likita ya yarda Baba ya ɗaga kai, iskar ta fara raguwa. Ya ce yana ganin wani layi a cikin idon yana rawa, kullum yana ƙara yin ƙasa, haske na buɗewa daga sama. Ana cikin haka azumi ya kama, ranar 11 ga Maris. Ban taɓa ganin gari ya sauya a dare ɗaya irin haka ba. Aka rataya fitilu masu launi da suke kira fanus a kowace ƙofa, har bawwab ya ɗaura ɗaya a jikin kejin lif. Kafin magariba titunan da ba sa rabuwa da oda sai su yi wayam. A lunguna ana jera tebura da kujeru, masu hali su ɗauki nauyi, duk wanda ya zo wucewa ya zauna ya sha ruwa ba a tambayarsa daga ina yake. Samari suna tsayawa a mararraba suna cusa wa direbobi dabino da ruwa ta taga. Mu a hawa na biyar ba ma sauka. Ana shimfiɗa leda a lungun daga wannan ƙarshe zuwa wancan, maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, kowane ɗaki ya fito da abin da yake da shi. Misirawa suna shan zoɓo da tsamiya da ruwan goruba a buɗa baki, ban yi zaton zan tarar da goruba a kofi a wata ƙasa ba. 'Yan Sudan suka kawo nasu abin sha na tsiron dawa mai ɗan tsami. Ni kuma kunu, wanda kafin goman farko ta ƙare sai da na ninka tukunya. Baba ne ke jan mu tarawihi a wurin, Bayamane da mutumin Damagaram da bawwab a sahu ɗaya.

Yawon buɗe ido ban yi wani mai yawa ba. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a Afirka, na ga taragun da aka ware wa mata. Na tsaya a gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakuna na kalli kogin. Dalolin Giza daga tagar mota na hango su. Fita ɗaya ce ta zauna mini, ranar Juma'ar da muka kai Baba Azhar. Masallacin an fara gina shi a 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Muka shiga da wuri, na riƙe hannunsa a farfajiyar farin dutse saboda hasken yana damun idon. Ɗalibin nan na Funtuwa ya gaya mana cewa a da kowace ƙasa tana da sashenta inda ɗalibanta ke kwana suna karatu, har da na mutanen Barno. Bayan salla Baba ya ce a miƙo masa Alƙur'ani daga kanta. Ya rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, ya kawo shafin kusa. Ya daɗe. Sannan ya sa yatsa a kan layi ya bi shi daga dama zuwa hagu, ya ce, "Ya miƙe. Da sauran hazo, amma ya miƙe." Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Ana saura 'yan kwanaki salla likita ya duba ya ce iskar ta ƙare, ya yanke zoben roban. Ranar tafiya mai girki ta ƙi karɓar madubinta, bawwab ya sauko da jakunkunanmu ya ƙi barin in taɓa ko ɗaya. Sauran garin kunu da kuka da daddawa na miƙa wa matar Baban Madani. Shi kuwa ya rako mu har bakin lif da sandarsa, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Malam, in kun isa, a gaida mini ƙasa."

A Katsina 'yan sannu da zuwa suka yi ta shigowa har bayan salla, waɗanda suka taɓa zuwa Masar kowa ya buɗe nasa labarin. Na lura da wani abu. Ɗan kasuwar Ƙofar Ƙaura yana iya faɗa maka hawa nawa otal ɗinsa yake da shi da irin abincin da ake jerawa da safe, amma da Baba ya tambaye shi wa ya sani a can, bai iya kawo mutum ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba, ciniki ya kai shi, kuma mai ciniki hutu yake buƙata. Kawu kuwa shekaru sun wuce amma tambayarsa ta farko ita ce ko bawwab ɗin nan mai rawani yana nan, ko ƙafarsa ta daina ciwo. Tun daga lokacin mutum uku sun zo neman sunan masaukin a wurina. Nakan gaya musu gaskiya: lif yana tsayawa, ruwan zafi sai an jira, titi ba ya barci. In mutum hutawa zai je ya nemi wani wuri. In tsoho zai kai jinya, ya je can.

Bayan salla da mako biyu Baba ya ce in shirya mu sauke amanar da aka ba mu. Muka shiga mota zuwa Daura. Aka buɗe mana ɗakin da rijiyar Kusugu take, na ɗauki bidiyo tun daga ƙofa, mai kula da wurin ya zura guga ya jawo ruwa, Baba ya sha ya yi addu'a ya ambaci Baban Madani da kakansa. Na ɗauki ƙofar fada da kasuwa da masu fura, na tura wa jikarsa ta WhatsApp. Da dare saƙon murya ya shigo. Ya ce ya kalla ya sake kalla, ya tara jikokin ya nuna musu, kuma yana so in an sake zuwa a ɗauko masa gonakin gero da damina.

Sun bar otal ɗin daga baya, sun kama ɗan gida a unguwar Faisal ta Giza inda 'yan Sudan suka yi yawa, don ya fi sauƙin kuɗi. Na aika masa gonakin a watan Agusta, gero ya fitar da kai. Da sojoji suka ƙwato Madani a Janairun 2025 ya kira Baba da kansa, yana cewa zai koma ya ga abin da ya rage na shagonsa. Ɗansa yana so ya dakata sai asibitocin garin sun dawo aiki, saboda ƙafar. Baba ya goyi bayan ɗan, suka yi ta musu a waya har katin ya ƙare.